Tarwada uku sun mutu a tanki, ruwan ya soma wari

Ɗan Auyo: Assalamu alaikum. Tankin roba ne mai cin lita 1,000, tarwada 150 a ciki, kowace kamar giram 300. Yau da asuba na tsamo uku matattu, ɗaya har ta kumbura. Ruwan yana ƙarni, sauran sun taso sama sun tsaya a tsaye, sun ƙi abinci. Na gwada amoniya (gubar da ke taruwa a ruwa daga ƙazantar kifi) da kwalaben gwaji na kamfanin API, ya nuna miligiram 4 a lita, pH (ma'aunin tsami ko kanwar ruwa) kuma 8. Wani ya ce in watsa gishiri kawai. Ya wadatar?

Masuncin Haɗeja: Wa alaikumus salam. Malam, gishiri ba ya cire amoniya ko kaɗan. Fara da zura koma har ƙasan tanki, domin gawar da ta nutse ba ta tasowa sai ta kumbura, kuma da zafin bazara kwana ɗaya ya isa ta ruɓe. Sannan ka tsayar da abinci kwana biyu cur. Yunwar kwana biyu ba ta kashe tarwada, amma duk lokacin da ta ci, jikinta yana samar da amoniya, mafi yawa ta wurin numfashinta take fitar da shi. Ka sa tiyo ka zuƙe dagwalon ƙasa, ka rage rabin ruwan, ka cika da sabo. 4 zai dawo 2. Da yamma ka maimaita, ya dawo wajen 1.

Malamin Gona Ringim: Abin da ya fi tayar min da hankali ba 4 ɗin ba ne, pH ɗin ne. Kwalbar gwaji tana haɗa amoniya iri biyu ne a lissafi, mai guba da mai sauƙin illa, pH da zafi ne ke raba su. A ruwa mai zafin digiri 30, idan pH 7 ne, mai gubar bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A pH 8 ya haura kashi 7, a pH 9 ya doshi rabi. Ke nan mai gubar da ke tankinka yana wajen miligiram 0.3 a lita, alhali daga 0.05 yawancin kifaye suke fara jigata. Tarwada tana da juriya, shi ya sa uku kawai ka rasa. Da karfasa ce da labarin ya sha bamban. 

Kada ka kuskura ka zuba farar ƙasa ko toka yanzu, pH za su ɗaga. Wajen gwaji kuma, ruwa mililita 5, ɗigo 8 daga kowace kwalba, ka girgiza, ka jira minti 5 kafin ka duba launi. Mai gaggawa yakan ga rawaya ya ɗauka lafiya lau.

Ɗan Auyo: Na gode, ranku ya daɗe. Ruwan burtsatse gare ni, in zuba kai tsaye?

Masuncin Haɗeja: Ruwan burtsatse iskarsa kaɗan ce. Ka ɗaga bakin tiyon sama ya riƙa faɗowa yana fantsama. Kada ka yi amfani da wanda ya wuni a tankin sama rana ta dafa shi. Ka gwada shi ma kafin ka zuba, wata rijiyar da amoniyarta take zuwa.

Gishirin yana da ranarsa. Bayan kwanaki ƙwayoyin bakteriya za su juya amoniya zuwa naitirait, wanda ke hana jini ɗaukar iska har jinin ya koma launin ruwan ƙasa. Nan gishiri ke kare kifi: kilo ɗaya a lita 1,000, a narkar a bokiti tukuna. Idan kana amfani da dutsen ziyolait mai tsotse amoniya, cire shi kafin ka zuba, gishiri yana sa ya amayar da amoniyar da ya tsotsa. Abinci kuwa sai gwaji ya sauka ƙasa da 1, ka fara da rabin awon da ka saba, da sanyin safiya.