Gas a soro, tsire a ƙofa

Baban Ikram: Assalamu alaikum jama'ar unguwa. Wata uku ina haɗiye maganar nan, yau kam ta ƙi haɗiyuwa. An fasa bangon soron gidan da ke jikin nawa an yi shago, ana juye wa mutane gas daga babbar tukunya zuwa ƙarama. Taku goma daga ƙofar shagon ga mai tsire yana fifita garwashi tun daga magariba. Jiya da daddare warin gas ya cika ɗakin yarana, a tsakar gida muka kwana cikin sanyin nan. Lungunmu kuwa kun san shi, a-daidaita-sahu ma da kyar yake shiga, balle motar 'yan kwana-kwana. Na yi wa mai shagon magana, ya ce min komai ƙaddara ne. To ni ina faɗa da babbar murya: doka ta hana irin wannan sana'a a tsakiyar gidaje, kuma gobara ba ƙaddara ba ce, ganganci ne. Wanda zai ji haushi ya ji.

Ustaz: Wa alaikumus salam. Subhanallah! Baban Ikram ka yi istigfari ka janye wannan kalma. Imani da ƙaddara, alherinta da sharrinta, shi ne rukuni na shida a rukunan imani. Ganye ba ya faɗuwa sai da sanin Allah, sai gobara ce za ta fita daga ƙaddara?

Baban Ikram: Allah ya gafarta Malam, ba abin da nake nufi ba ke nan. Maganar shagon gas nake yi.

Ustaz: Abin da ka rubuta muka karanta, ba mu ga zuciyarka ba. Ka rubuta "ba ƙaddara ba ce". Akwai yara a zauren nan.

Maman 'Yan Biyu: Wallahi ni ma gabana sai da ya faɗi da na karanta. Allah ya sa mu cika da imani.

Injiniya: Jama'a a tsaya. Mutumin nan ya ce yaransa sun kwana a waje saboda warin gas. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya zube ba sama yake tashi ba, ƙasa yake bi ya kwanta a kwata da ƙarƙashin ƙofa. Tartsatsi ɗaya ya ishe shi, ko da na makunnin fitila ne. Kuma gaskiyarsa ne a batun doka. Sayar da gas sai da lasisin NMDPRA, hukumar tarayya mai kula da harkar sayar da mai da gas, wadda ta gaji tsohuwar hukumar DPR bayan dokar man fetur ta 2021, kuma juye shi daga tukunya zuwa tukunya a shago an daɗe ana hanawa. Mayar da gidan zama wurin kasuwanci ma sai da izinin KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano. A tambayi mai shagon takardunsa, shi ke nan.

Alhaji Mai Gidaje: Ku 'yan boko ba ku da magana sai takarda. Kasuwar Sabon Gari da ta ƙone ƙurmus a watan Maris na 2016, dubban shaguna suka tafi a dare ɗaya, rashin takarda ne ya cinye ta? Idan wa'adin dukiya ya cika ko tsinke ba ka cetowa.

Ɗan Rimi: Alhaji bar wannan maganar, ni shagona na cikin waɗanda suka tafi. Na yarda ƙaddara ce, ban taɓa yin jayayya da Ubangijina ba. Amma da idona na san yadda muka cike hanyoyin kasuwar da tebura da kwantena, da yadda wayoyin wuta ke rataye kamar saƙar gizo. Kuma wata ɗaya kafin mu kasuwar Singa ta ƙone, ba mu ɗauki darasi ba.

Ustaz: Ka ga mai hankali. Ya fara da cewa ƙaddara ce. Abin da muke nema daga Baban Ikram ke nan.

Malam Ƙarami: Ustaz, da girmamawa, ka karanta rabi ka bar rabi. Annabi SAW ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Kuma a Bukhari da Muslim akwai hadisin gidan da ya ƙone da mutanensa a Madina cikin dare, Annabi ya ce wutar nan maƙiyiyarku ce, idan za ku kwanta ku kashe ta. Sayyidina Umar da ya juya bai shiga Sham ba saboda annoba, aka ce gudun ƙaddara yake yi, cewa ya yi muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah.

Ustaz: Ƙanena, a ina ka yi karatu? Hadisin raƙumi a wane littafi yake, waye ya inganta shi? Ba a ɗauko ilimi a waya a zo a yi wa manya fatawa.

Malam Ƙarami: Tirmizi ne ya ruwaito. A zauren mahaifina na karanta, ba a waya ba.

Ustaz: Zauren da ake koyar da me? Mun san irin karatun gidanku.

Malam Ƙarami: To fito fili ka faɗa mana. Tun batun limancin masallacin layi kake da ni a rai, ba yau ba.

Maman 'Yan Biyu: Innalillahi. Malamai ku ji tsoron Allah, an koma Izala da Ɗariƙa kuma?

Anti Nas: Ni ba ruwana da rigimar malamai. Ku zo sashen masu ƙuna a asibiti lokacin hunturu ku ga abin da nake gani. Mace ta jona hita a bokiti, an ɗauke wuta, ta manta ta tafi biki, an kawo wuta ba kowa a gida. Ko a shigar da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga don jin ɗumi, wannan ko wuta ba ta tashi ba hayaƙin da ba a gani shi yake kashewa a cikin barci. Mai ya kama da wuta a kasko, a sheƙa masa ruwa, ya tashi ya ci fuska, alhali murfi za a kifa. Sannan ga bagalari a kowace taga, an yi walda ko'ina, babu ko ɗaya mai buɗewa. Mun kulle ɓarawo a waje, mun kulle kanmu a ciki.

Alhaji Mai Gidaje: Hajiya, da ni kike? Don a gidajena ne aka san bagalari. In na cire aka yi sata, ɗan haya wa zai kama?

Anti Nas: Baba ban kira suna ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Alhaji Mai Gidaje: 'Yan hayan da ko kuɗin kwashe masai ba sa biya a kan lokaci, su ne zan sa wa taga mai kwaɗo? Wani wata bakwai ina binsa, yana cikin zauren nan yana karantawa.

Ɗan Haya: Ba wata bakwai ba ne, biyar ne, kuma ka gyara wayar da ke tartsatsi a bayan mita tun damina, sai mu yi maganar kuɗi.

Baban Ikram: Don Allah jama'a, shagon gas ɗin fa?

Ɗan Jar Hula: Yaya ka yi haƙuri, amma ka ce ganganci. Mutanen garin Majiya na jihar Jigawa da tankar mai ta fashe da su a Oktoban 2024, sama da mutum 150, su ma 'yan ganganci ne? Talauci ne ya kai su ɗibar mai. Wa ya cire tallafin mai a 2023? Wa ya mayar da kowane matashi ɗan bumburutu ko mai sayar da gas a soro? Sannan gobarar Sabon Gari ta 2016, a tuna mana wa ke gidan gwamnati.

Na Baba: Ga su nan sun fara. Wuta ta san jam'iyya ne? Ku da kuka shigo da rusau, shagunan filin Idi da aka rushe a 2023 gobara ce ta ci su? Aƙalla wuta ba ta zuwa da katafila.

Ɗan Jar Hula: Filin Idi wurin salla ne ko wurin shago? Ku kuka yanka shi.

Na Baba: Allah ya kai mu zaɓe.

Hajiya Mai Atamfa: Salamu alaikum 'yan uwa, sabbin kaya sun iso, atamfa da leshi da shadda, akwai biya kaɗan-kaɗan. A yi min magana ta gefe.

Injiniya: Ikon Allah. To ga abin da kowa zai iya yi yau ba tare da gwamnati ba. Tukunyar gas a waje take zama, inda iska ke kaɗawa, a tsaye, ba a ɗakin kwana ba. A shafa ruwan sabulu a bakin tiyo da kan tukunya, in ya yi kumfa yana zuba. In an ji wari kada a taɓa makunni, kada a kyasta ashana don dubawa, a rufe kan tukunya a buɗe ƙofofi a fita. Lambar gaggawa 112 kyauta ce. Abin dariya, kusan duk mai mota a nan yana da tukunyar kashe gobara a but saboda tsoron 'yan kiyaye haɗura, amma a gidan da matarsa da 'ya'yansa ke kwana babu ko bokitin yashi.

Alhaji Mai Gidaje: An turo min bidiyo, wai irin wannan tukunyar ita kanta fashewa take yi in ta ji rana.

Injiniya: Turo mu gani, Alhaji.

Alhaji Mai Gidaje: Na goge, waya ta cika.

Ustaz: Har yanzu dai ba a janye kalmar ba.

Baban Ikram: Na janye. Ƙaddara ce, na yi imani. Yanzu wa zai raka ni wurin mai unguwa gobe da safe?

Maman 'Yan Biyu: Alhamdulillah, Allah ya ƙara shiryar da mu.

Ɗan Rimi: Ni zan raka ka. Amma kafin nan a faɗa mana, shagon nan na waye? Don na ga tun ɗazu Shugaba yana karantawa bai ce uffan ba, kuma ruwa ba ya tsami banza.

Shugaban Zaure: Assalamu alaikum. Na bi duk abin da aka tattauna, ga taƙaitawa. Na farko, an yi ittifaƙi cewa gobara ƙaddara ce, wanda ya yi kuskuren lafazi kuma ya janye, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Muna godiya ga Ustaz da ya tsaya tsayin daka. Na biyu, bayanin ma'aikaciyar lafiya ya nuna cewa yawancin gobara daga cikin gida take tashi, daga hita da gawayi da sakacin mata, ba daga shaguna ba, don haka kowa ya fara duba ɗakinsa kafin ya leƙa na maƙwabci. Na uku, yaron da ake magana a kansa maraya ne mai neman halal ɗinsa, ya fi ya shiga shaye-shaye ko ƙwacen waya. Kasancewarsa ɗan ƙanwata bai sa na faɗi haka ba, ko ɗan wa ye haka zan ce. Zan yi masa magana a gida ya riƙa kula, babu buƙatar kai ƙara wurin mai unguwa ko wata hukuma, mu ba a san mu da tonon silili ba. Batun takardu da Injiniya ya kawo, wannan sai a bar wa masana. Maganar haya a je a yi ta a waje. An rufe wannan babi, duk wanda ya sake tayar da shi zan cire shi.

Anti Nas: Baba, ni ban ce ba daga shaguna ba, kuma ban ce sakacin mata ba.

Shugaban Zaure: An rufe, Hajiya. Mai atamfa kuma ki jira Asabar, ita ce ranar talla.