Faifai uku yayana zai taho min da su daga Landan, wanne da wanne zan ce?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure min. Yayana yana Landan, saura kwana 12 ya dawo gida. Ya ce in turo masa sunan faifai uku ya saya min, amma kada su haura fam 80 gaba ɗaya, don tsarabar mata ta riga ta cika jakar. Ina da garmahon da Baba ya bari, Allah ya jiƙansa, na kai gyara bara, yana juyawa lafiya lau. Cikin faifan da na gada akwai Dark Side of the Moon na Pink Floyd, da Close to the Edge na Yes, da wani na Osibisa. Na ji su har na haddace wuraren da allura ke tsalle, don haka don Allah kada a ce min waɗannan. Sabon abu nake so, na furog rok, wato kiɗan jita mai dogayen waƙoƙi masu sassa-sassa, ko na saikadelik, mai sauti kamar na mafarki, wanda ya fito daga 2010 zuwa yau. Sharaɗi biyu: ba na son mai gurnani kamar ana yanka sa, kuma ɗakina jikin na Hajiya yake, bayan isha'i nake saurare. Raina ya kwanta da The Raven That Refused to Sing na Steven Wilson, amma faifai biyu ne a kwali ɗaya, ina tsoron ya cinye rabin kuɗin. Wanda ya taɓa riƙe shi a hannu ya faɗa min ko ya kai.

Bazazzagi: Wa alaikumus salam. Dark Side of the Moon, 1973. Magana ta ƙare.

Ɗan Fagge: Malam, ai shi na ce ina da shi.

Bazazzagi: To ka sayi na biyu, wancan ai ya tsufa.

Malam Allura: Yaro, Allah ya jiƙan mahaifinka, da gani ya san kiɗa. Amma ka fara gini daga rufi. Me za ka gane a kiɗan 2010 alhali ba ka da In the Court of the Crimson King? A 1969 King Crimson suka fitar da shi, kuma duk wannan harka daga can ta yi jijiya. Sautin nan da kake ji kamar goge ɗari a lokaci guda, wani akwati ne mai suna Mellotron, ƙarƙashin kowane maɓalli akwai zaren kaset, ka danna ya yi kamar daƙiƙa takwas ya ƙare. Yaran yanzu da kwamfuta suke kwaikwayonsa, shi ya sa nasu ba ya da gishiri. Ka ce wa yayanka: wannan, da Red ɗinsu na 1974, da Foxtrot na Genesis. Shi Steven Wilson ɗin da kake magana, ai tsofaffin faifan King Crimson da na Yes da na Jethro Tull aka ba shi ya sake tace sautinsu. Kenan shi ma ɗalibi ne a makarantar da nake tura ka.

'Yar Damagaram: Baba, da girmanku, yaron nan cewa ya yi daga 2010. Ɗan Fagge, ka sa Afrique Victime na Mdou Moctar a jerinka, 2021 ya fito. Ɗan Nijar ne, Buzu, bahago ne a jita. Ni a salula na fara jin sa, lokacin da ake tura waƙa daga wannan katin zuwa wancan, tun kafin Turawa su san da shi. Albam ɗinsa na farko ma, Anar, a Sakkwato ya naɗe shi a 2008. Waƙar ƙarshe-ƙarshe mai sunan faifan tana farawa a hankali, sai ganga ta dinga ƙara gudu har jitar ta koma kamar guguwa. In Hajiya ta yi barci ka rage murya a wurin, sauran akwai masu sanyi. Faifai ɗaya ne, ba zai cinye maka kuɗi ba.

Malam Allura: 'Yata, wannan kiɗan biki ne na Agadas aka ƙara wa lasifika. Yana da daɗi, ban musa ba, amma ba furog ba ne.

'Yar Damagaram: Ai ya ce ko saikadelik. In Bature ya murɗa jita minti bakwai sai a ce fasaha, in Buzu ya murɗa sai a ce biki?

Kawu Na Sabon Gari: Ku bar gardamar suna, ni dai gargaɗi na zo yi. Ɗan Fagge, ko me za a sayo maka, ka roƙi yayanka ya riƙe shi a jakar hannu. Kada ya yarda ya shiga kaya, kada kuma ya ba kowa ya aiko. Ni abin da ya same ni har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Shekara biyu na yi ina tara kuɗi. Na zaɓi faifai shida, har da Mirage na Camel, da From Silence to Somewhere na Wobbler, mutanen Norway, da Lonerism na Tame Impala. Wani abokina a can ya saya, ya kai wa wani ejan mai turo kaya ta ruwa, don an ce ya fi sauƙi. Aka ce sati shida. Sati shida ya zama wata huɗu. Kullum na kira sai a ce kwantena tana tashar ruwa, gobe za ta fito. Da ta fito ɗin, sai kwalina ya kwana uku a bayan mota a tasha, cikin watan Afrilu, ku da kuka san ranar Kano a Afrilu. Kuma a kwance aka ajiye shi, aka ɗora masa buhunan takalma.

Da na buɗe, wallahi huɗu sun lanƙwashe kamar kaskon suyar gyaɗa. Na ɗora Mirage, allura tana hawa tana sauka kamar mai keke a hanyar ƙauye. Wani ya ba ni shawara in sa su tsakanin gilasai biyu in shanya a rana su miƙe. Na gwada da ɗaya. Ya miƙe kam, amma zanen da waƙar ke ciki ya narke, sai shuuu kawai kake ji. Na koma wurin ejan, ya ce shi bai san roba ce a ciki ba, ya zaci littattafai ne, kuma ai kaya sun iso ba abin da ya ɓata. Ko sisi bai mayar min ba. Har cewa ya yi me ya hana ni sauke waƙoƙin a waya kamar kowa.

Bazazzagi: Innalillahi. To ina suke yanzu, Kawu?

Kawu Na Sabon Gari: Uwargida ta ɗauki biyu tana rufe kwanon tuwo da su.

Sarkin Zolaya: Alhamdulillahi, faifai ya koma aikinsa na asali. Dama can kakanninmu rufe ƙwarya suke yi da shi, Bature ne ya zo ya sa masa waƙa.

Kawu Na Sabon Gari: Ka yi dariyarka, ɗan nan. Ranar da naka ya narke ina nan.

Ɗan Fagge: Allah ya mayar da alheri, Kawu. Zan faɗa masa batun jakar hannu. Amma har yanzu ba wanda ya ce min komai kan Raven ɗin.

Injiniya Tudun Wada: Ina da shi, amma a CD. 2013 ya fito, waƙa shida. Tunda kana son Dark Side, ga abin da zai ja ka: Alan Parsons, wanda ya riƙe na'urar naɗar Dark Side, shi ne ya riƙe ta a wannan ma. Ba gurnani ko kaɗan. Sai dai waƙar farko tana buɗewa da ganga da jitar bes kamar an banko ƙofa, Hajiya za ta zaci ɓarayi ne. Batun kuɗi, ƙanwata ta duba min na faifai a wani shago bara, fam 32 ta gani.

Bazazzagi: Fam 32 ina? Ni fam 45 na gani a intanet, ban da kuɗin aikowa.

Hajiyar Manchester: Ku duka ana cutarku. Shagunan kayan hannu sun cika garin nan, ni fam 8 zuwa 12 nake ɗaukar faifai. Da fam 80 sai in cika maka kwali.

Injiniya Tudun Wada: Hajiya, waɗancan tsofaffin da Turawa suka gaji da su ne. Wa zai kai faifan 2013 shagon gwanjo ya sayar fam 8?

Hajiyar Manchester: Wanda matarsa ta gaji da shi.

Auta: Ni ban gane wahalar nan ba. Fam 80 a canjin yau ai ya yi maka cefanen wata.  Ka sayi iyafis mai kyau, ka ji King Gizzard and the Lizard Wizard, 'yan Ostireliya, a waya. Albam biyar suka saki a 2017 kaɗai. Ɗaya daga ciki, Polygondwanaland, kyauta suka bayar, suka ce duk mai so ya sauke, ya buga faifansa, ya sayar ma in ya ga dama. Furog ne tsantsa, kuma ba ihu. In faifan kake so dole, tunda kamfanoni barkatai sun buga shi, ba ya tsada.

Kawu Na Sabon Gari: Barkatan nan ita ce matsalar. Wani bugun garau, wani kamar ana soya ƙwai a bayan waƙar. Sai yayansa ya san wanda zai ɗauka, shi kuwa daga ji bai san komai a harkar ba.

Malam Allura: Wanda bai taɓa ɗora allura a kan faifai ba ya dakata manya su gama. Auta, kai da kake jin kiɗa a waya cikin adaidaita, me ka sani game da sauti?

Auta: Baba, Allah ya ƙara girma, amma ku faɗa mana albam ɗaya da kuka saurara wanda ya fito bayan an haife ni.

Malam Allura: Wace shekara aka haife ka?

Auta: 1999.

Malam Allura: Ba a yi wani abin kirki ba tun daga lokacin, har da kai.

'Yar Damagaram: Ɗan Fagge, kafin su cinye ka: na dare, ka duba Masana Temples na Kikagaku Moyo, 2018. 'Yan Japan ne, akwai mai kaɗa sitar, kayan kiɗan Indiya mai tsirkiya, a cikinsu, kiɗan yana tafiya a hankali kamar ruwan gulbi da rani. Sun watse a 2022. Shi nake sawa in yara sun kwanta.

Injiniya Tudun Wada: Wata tambaya: da wace wuta kake kunna garmahon? Yawancin tsofaffin nan motarsu da bugun wutar take tafiya. In janareta ne, yana ƙara gudu yana ragewa, faifan ma haka zai dinga yi, muryar mawaƙi tana lilo.

Sarkin Zolaya: To ai ga saikadelik nan kyauta. Ya kunna janareta ya ɗora tsohon faifansa, ya bar wa yaya fam 80 ɗinsa.

Ɗan Zongon Kumasi: Ɗan'uwa, tsaya. Osibisa ɗin da ka ce ka gada, wanne ne? Akwai giwa mai fukafukai a kwalin? In shi ne, na 1971 ne, kuma wanda ya zana shi, Roger Dean, shi ne ya zana kwalin Close to the Edge ɗinka. Mutanenmu na Gana ne suka kafa ƙungiyar a Landan, su Teddy Osei. Ka riƙe shi da kyau.

Mai Kayan Da: Ɗan Fagge, in kana son rabuwa da na Osibisan da duk wani tsohon faifan Najeriya da ke cikin kayan marigayi, ka neme ni ta gefe. Ina saye da daraja.

Ɗan Zongon Kumasi: Ga su nan, sun ji ƙamshi. Kada ka sayar masa! Irin su ne suka zo gidanmu ina makaranta, suka samu kakata, suka kwashe kwali biyu na faifan kawuna, suka ba ta robobin wanki uku da 'yan canji. Ta yi ta murna an rage mata tarkace. Bayan shekaru na ga irin ɗaya daga ciki a Discogs, shafin cinikin faifai na intanet, kuɗin da aka sa masa ya fi albashina na wata.

Kawu Na Sabon Gari: Haka aka yi a Sabon Gari. Gida-gida suka dinga bi. Chapter One na BLO, 1973, da Try and Love na Ofege, yaran da suna 'yan makarantar St. Gregory's a Legas suka yi shi, da idona na gan su a gidajen maƙwabta muna yara. Rok ɗin saikadelik na ƙasar nan kenan, jita tana kuka kamar ta Turawa ko fiye. Yau ka zaga unguwar kaf ba za ka samu ɗaya ba.

Mai Kayan Da: Ku faɗi gaskiya dai. Da ba mu saya ba, da gara da ruwan damina sun gama da su. Nawa na tarar an jingine ƙafar gado da su? Kuma ba don an fitar da su an sake bugawa ba, kamar tarin Nigeria Rock Special na 2008 da Wake Up You na 2016, da Auta bai taɓa jin sunan Ofege ba.

Auta: Ni yanzu ma na fara ji.

Ɗan Zongon Kumasi: Masu sake bugawa da izinin mawaƙa daban, mai ba tsohuwa robar wanki daban. Kai a wane layi kake?

Mai Kayan Da: Ciniki ne, ta ce ta sallama.

'Yar Damagaram: Mu ma kasetocin gidan rediyo da na bukukuwa haka suka bi iska. Yanzu in kana son jin abin da aka kaɗa a garinku shekara 40 baya, sai ka biya da dala.

Malam Allura: Shi ya sa nawa suke cikin akwatin ƙarfe da kwaɗo biyu. Na faɗa wa 'ya'yana duk wanda ya sayar bayan raina ban yafe ba.

Ɗan Fagge: Jama'a, Osibisa ba na sayarwa ba ne, giwar tana nan. Yaya ya kira ɗazu, ya ce Asabar zai shiga gari, in ban turo sunaye ba turare zai saya min. In na ɗauki Raven a fam 32 ko 45, ragowar zai isa Mdou Moctar da na Japan ɗin, ko in haƙura da shi in ɗauki uku masu faifai ɗaya-ɗaya?

Bazazzagi: Wish You Were Here na Pink Floyd, 1975.

Kawu Na Sabon Gari: Ɗan Fagge, jakar hannun yayan naka, kilo nawa ya rage a ciki? Mirage ɗaya tak nake so, zan turo kuɗin yau.