Ruwan Evian yana barin fari a butar shayi, ko na jabu ne?

Abu Hafsat, Jidda: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ruwan Evian da ake sayarwa a manyan kantuna yana da nauyi a baki, ba kamar Nova ko Hana na nan Saudiyya ba, kuma in an tafasa shi sai wani farin abu ya kwanta a gindin buta. Haka yake, ko an yi masa gauraye ne?

Malam Tukur, Makka: Wa alaikumus salam. Haka yake, ba jabu ba ne. Juya gorar ka karanta jadawalin da ke bayanta. A kowace lita akwai kalsiyam miligiram 80, magnesiyam 26, bikabonet 360, sodiyam 6.5 kacal, ma'adinan da ke saura in an ƙafar da ruwan da zafi kuwa wajen 345. Daga tsaunukan Alps na Faransa yake tsattsafowa ta cikin yashi da duwatsu, can yake kwaso su. Da zafi ya kama shi, kalsiyam da bikabonet sai su haɗu su zama alli su kwanta. Farin da ka gani ke nan, kuma ba ya cutarwa.

Galibin ruwan da ake ɗurawa a nan ruwan rijiyar burtsatse ne ko na teku da aka cire wa gishiri, a tace shi da matsi, a daidaita ma'adinansa zuwa ɗari da 'yan kai. Shi ya sa yake da sauƙi a harshe. Ka lura da rubutun Larabcin: "miyah ma'daniyya tabi'iyya" shi ne na marmaro, "miyah shurb mu'abba'a" kuwa tatacce ne.

Ummu Khalil, Madina: Malam ya yi bayani. Ni dai ba na ba da shawarar dafa shayi ko gahawa da shi, asarar riyal ce. Kalsiyam yana sa wani yana-yana a saman shayi, launin ya dushe. In dole sai na marmaro, Volvic ya fi dacewa: kalsiyam 12, ma'adinan da ke saura 130. Butar kuma, zuba khal (wato binega) da ruwa rabi da rabi, tafasa, bari minti 30, ka ɗauraye sau biyu.

Ɗan Gwandu, Riyad: A ƙara da ajiya, don nan ne ake cutuwa. Katan ɗin da ya yini a rana a ƙofar baƙala (ƙaramin kanti) ko a but ɗin mota, robar tana sakar masa wani ɗanɗano mai zaƙi-zaƙi, sai a ɗora wa ma'adinai laifi. In za ka gwada ruwa biyu, zuba su a kofin gilashi, sanyinsu ɗaya, domin sanyi sosai yana ɓoye ɗanɗano. Gishiri-gishiri kuwa daga sodiyam da kilorayid yake, kuma harshe ba ya cika jin sodiyam sai ya kai wajen miligiram 200 a lita. Mai hawan jini ya duba layin sodiyam a jadawalin gorar. Mai ciwon ƙoda ya kai wa likitansa gorar tukuna.