Cigiyar 'yan sa-kai don zaɓen ƙananan hukumomi

Ɗan Mabera: Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau sai na amayar da abin da ke cina, wanda zai ji haushi ya ji. Na kira taro don mu haɗa matasa 'yan sa-kai, masu bi gida-gida suna tambayar wa ke da katin zaɓe wa ba shi da shi, su raka tsofaffi wurin rajista, ranar zaɓen ƙananan hukumomi kuma su kafe a rumfa har a ƙirga ƙuri'u a gabansu. 'Yan tsirarun da suka zo, tambayarsu ta farko ita ce nawa za a ba su na mai. Alhali kullum a nan kuka kuke yi: kwata ta toshe, shara ta cinye hanya, asibitin unguwa ba magani. Aikin wa ne? Na ciyaman da kansila. Ƙananan hukumomi 23 gare mu a jihar Sakkwato, mazaɓun kansila 244, kuma tun 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye, a daina naɗa musu kantomomi. Don haka na ce, duk abin da ciyaman ya yi mana, lalacin matasan Sakkwato ne ya jawo. Mai ja ya fito.

Baffan Gwadabawa: Dakata ɗana. 'Yan mi kac ce? Sa-kai? Kana zaune Mabera ƙarƙashin hwanka, ba ka san nauyin wagga kalma ba ga mutanen gabas. Tahi kasuwar Mamande ka hwaɗe ta da ƙarhi ka gani. Mu da munka ga gawarwakin da anka kwasa can a 2021, in munka ji sa-kai ba katin zaɓe muka tunawa ba. Gwamnatin jiha da kanta ta haramta 'yan sa-kai masu ɗaukar makami a 2021 ɗin.

Ɗan Mabera: Baffa, Allah ya ba ka haƙuri, ba waɗannan nake nufi ba. Masu aiki don Allah nake nufi, ba da biya ba.

Baffan Gwadabawa: Su ma waɗancan haka sunka ce sa'ad da sunka hwara.

Bagobirin Asali: Baffa ka tuna Mamande, ka manta kasuwar Goronyo? Wata guda ne fa, Oktoban 2021, mutum sama da 40 'yan bindiga suka kashe ranar kasuwa. Mu a Sabon Birni da Isa, wa ya kwana a bakin gari yana gadinmu in ba 'yan sa-kai ba? Kada wanda ya zage su a gabana.

Baffan Gwadabawa: Ban zagi kowa ba. Na ce wanda ya ɗauki doka ga hannu nai, ko da mi ya kira kai nai, ɓarna shika yi.

Bagobirin Asali: Doka tana ina lokacin da ake aza wa ƙauyukanmu haraji kafin mu girbe gonarmu?

Na Arkilla: Ku bi a hankali, kada ku mai da mu yaƙin Alƙalawa da daren nan.

Bagobirin Asali: Kai kuma wa ya kasa da kai? Abin dariya ne a wurinka?

Maman Ilham: Ni ba ruwana da maganar bindiga. Amma ƙanena Ɗan Mabera, Hausawa sun ce sa kai ya fi bauta ciwo. Yaron da ke tuƙa keke napep na haya, dole ya kai wa mai shi balas da yamma, kai kana so ya ajiye ya wuni a rana yana gadin akwati, ko ruwan leda babu. Ejan ɗin jam'iyya ma biyansa ake yi. Ya tambayi na mai ka ce masa malalaci? Kuma da kake ta matasa matasa, ka taɓa duba layi ranar zaɓe? Mu mata ne ke cika shi, da goyo a baya. Ko mace ɗaya ka gayyata taron naka?

Na Arkilla: Hajiya, layin taliya da sabulu dai.

Maman Ilham: Bakinka ya sari ɗanyen kashi. Sai 1979 matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a a zaɓen ƙasa, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri a kan siyasa. Ku da kuke yi tun kafin a ba da mulkin kai, me kuka tsinana? Kuma ku maza kuɗi kuke karɓa a bayan rumfa, ba dai a ɗaukar ku hoto ne.

Malam na Gidan Igwai: Jama'a a bar ni in sa baki. Ɗan Mabera ya haɗa abu biyu. Rajista da katin zaɓe aikin INEC ne, wannan kam raka tsoho ya karɓi katinsa alheri ne. Amma zaɓen ciyaman da kansila ba INEC ke yin sa ba, sai a Abuja kaɗai. A jihohi hukumar zaɓe ta jiha ke yi, gwamna ke naɗa mambobinta, majalisar jiha ta tabbatar. Ku dubi abin da ya faru nan gida. A Maris 2021, zamanin Tambuwal, PDP ta kwashe kujeru 23 duka, APC ta ƙaurace. A Satumba 2024, zamanin Ahmed Aliyu, APC ta kwashe 23 duka, PDP ta ƙaurace. Mutumin da ya san sakamako tun kafin ya yi alwalar asuba, in ya ƙi fita, ban ga lalaci a nan ba.

Ɗan Mabera: Allah gafarta Malam, ai irin wannan maganar ce ke kashe gwiwa. A 2019 da ƙuri'a 342 kacal Tambuwal ya zarce Ahmed Aliyu bayan zaɓen cike gurbi. Mutanen layi biyu ne a unguwarmu! Wa zai ce ƙuri'a ba ta aiki?

Malam na Gidan Igwai: Wancan INEC ta yi shi, kuma na gwamna ne. Ka kawo min misali na ciyaman.

Sai Alu Har Kullum: 342 ɗin nan kada a tono mana ita. Kowa ya san mu muka ci, Allah ya mayar mana da abinmu a 2023, da ratar kusan dubu 49.

Matawallen Gobe: Kowa wa? Kun je kotu har Kotun Ƙoli, a Janairun 2020 ta tabbatar da Matawalle Tambuwal. Ko alƙalan ma 'yan lema ne?

Sai Alu Har Kullum: Ku da kuka gudu daga zaɓen 2024 don kun san ko kansila ba za ku ci ba.

Matawallen Gobe: Ku 2021 gudun motsa jiki kuka yi halan?

Baffan Gwadabawa: Ni dai har yanzu ba a ba ni amsa ba. A canza sunan. A ce masu wayar da kai, ko masu sa ido, ko mi. In kun shiga rugga kunka ce ku 'yan sa-kai na, kun zo ƙirga masu kati, wallahi ba ku iske kowa, duk sun shige daji.

Bagobirin Asali: Ba za a canza ba. Suna ne mai daraja. Kuma wane kati ake magana? Dangina nawa ne ke zaune a kangaye cikin garin nan, rumfar zaɓensu tana ƙauyen da ba mai iya kwana. Katin wasu ya ƙone tare da ɗakinsu. In da gaske kuke ku fara da su.

Malam na Gidan Igwai: Wannan magana ce. In an buɗe rajista ana iya neman sauya rumfa, ana iya neman sabon kati in na da ya ɓata ko ya lalace. Nan ne aikin yake, da za a saurara.

Na Arkilla: Ni tambaya ɗaya gare ni. Ɗan Mabera, fostar da aka ce ka kai a buga maka, ta wayar da kai ce ko ta kansila?

Ɗan Mabera: Wa ya ce? Kawo shaida.

Na Arkilla: Wani ya faɗa min, shi ma a majalisar mai shayi ya ji.

Ɗan Mabera: To ko da ina so, haramun ne? Shekaruna sun kai, ɗan ƙasa ne ni.

Maman Ilham: Au! Ashe sa-kan na sa ka a kujera ne.

Na Arkilla: Kafin kujera, kuɗin rigunan ƙwallo da muka tara bara a hannunka, ina suke? Har yau yara da singileti suke buga wasa.

Ɗan Mabera: Telan ne ya riƙe, na faɗa maka a gaban yayanka. Kada ka ɓata min suna a cikin mutane.

Sai Alu Har Kullum: A wace jam'iyya za ka fito dai, mu sani tun wuri.

Matawallen Gobe: Ka ji su. Shi ya sa ake cewa naɗi ne.

Shugaban Zaure: To ya isa haka, dare ya yi. Na karanta komai, ga abin da aka tsayar. Kusan kowa ya yarda da ƙanena Ɗan Mabera cewa matasanmu na da sakaci, kuma yaro ne mai kishi, na san mahaifinsa. Malam ya tabbatar mana da hujja cewa PDP ce ta fara cinye kujeru duka a 2021, don haka ba ta da bakin magana. Baffa ya fahimci ba wata manufa a kalmar sa-kai, za a ci gaba da amfani da ita. Ƙorafin Hajiya na ruwan leda an ji, za a duba. Maganar rigunan ƙwallo ba ta zaure ba ce, Na Arkilla na cire shi har sai ya ba da haƙuri. Matawallen Gobe, wannan gargaɗi ne na ƙarshe. Taro na nan ranar Asabar bayan la'asar, kowa ya zo da abin hawansa da mansa.

Baffan Gwadabawa: Ni yaushe nac ce na fahimta?

Malam na Gidan Igwai: Ranka ya daɗe, ni ma shekara biyu na ambata, ba ɗaya ba.

Shugaban Zaure ya rufe zaure, shi kaɗai ke iya aiko saƙo.