Neman shawara: ta yaya zan gane ko ana kula da Hajiyarmu yadda ya kamata a gida?

Mai neman shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mahaifiyarmu mai shekara 74 ta samu shanyewar ɓarin jiki na hagu wata biyu da suka wuce, kuma dama ta daɗe tana fama da hawan jini da ciwon suga. Da aka sallame mu daga asibiti sai muka rasa wanda zai wuni da ita, domin ni koyarwa nake yi, ba na dawowa sai bayan la'asar, yayyena maza biyu kuma ba a Kano suke zaune ba. Wata maƙwabciyarmu ta kawo mana wata mata da ta ce nas ce, muka daidaita a kan albashi, kuma saboda nauyin maƙwabciyar ban nemi ganin wata takarda ba.

Ranar Asabar na ce ni zan yi wa Hajiya wanka da kaina. Da na juya ta sai na ga wani wuri a ƙasan bayanta, faɗinsa kamar murfin kwalba, ya yi duhu, fatar ta fara saɓulewa, zanin gadon kuma da danshi. Matar ta ce ƙurajen zafi ne, ta barbaɗa hoda. Na kuma lura tana ba ta kunu a kishingiɗe, Hajiya tana tari har idanunta su kawo ruwa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne katin wata ƙwaya da na gani cikin magunguna, wadda ba likita ne ya rubuta ba. Ta ce ta barci ce, ta saya a kemis domin Hajiya ta riƙa hutawa da rana.

Ba zan ci haƙƙinta ba, matar tana da haƙuri, tana yi wa Hajiya kitso, tana taya ta alwala, kuma Hajiya ta saba da ita. Shin in sallame ta ne, ko in nemi kamfanin da ke tura masu jinya gida? Kuma ko wa na ɗauka, da me zan auna cewa aikin yana tafiya daidai?

Wata ma'aikaciyar jinya

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Ki ajiye maganar sallama tukuna, domin akwai abin da ya fi ta gaggawa. Wurin da kika gani gyambon kwanciya ne, wanda yake fitowa idan ƙashi ya daɗe yana danne fata a kan katifa har jini ya daina isa wurin. A fatarmu ba lallai ya yi ja ba, yakan fara ne da duhu ko sheƙi, ko wurin ya yi tauri ko ɗumi fiye da kewayensa, shi ya sa ake yawan ganinsa a makare. Ga mai ciwon suga yana saurin cin ciki, saboda haka likita ko nas mai rajista ya gan shi cikin kwana ɗaya ko biyu. A daina zuba hoda, kada a murza wurin, kada kuma a sa masa wani haɗi na gida.

Maganinsa na farko shi ne a ɗauke nauyi daga kansa. A riƙa juya ta kamar duk bayan awa biyu, dare da rana, a tokare bayanta da filo, a sa wani tsakanin gwiwoyi, wani kuma a ƙarƙashin ƙwauri domin diddige ya tashi daga katifa. Idan za a gyara mata kwanciya, mutum biyu su ɗaga ta da zanin gado, kada a ja ta, domin ja yana yaga fata. Da zarar ta yi fitsari a canza mata, a wanke, a tsane da tawul mai laushi.

Tarin da take yi a kan kunu kuwa alama ce ta cewa haɗiya ta samu matsala, abin da yake yawan biyo bayan shanyewar jiki, kuma abincin da ya bi ta hanyar numfashi yana jawo ciwon huhu. A zaunar da ita sosai, a ba ta da ƙaramin cokali, a jira ta haɗiye, a duba ko abinci ya maƙale a kuncin da ya shanye, sannan a bar ta a zaune aƙalla minti 30 bayan ta gama. Ki gaya wa likita domin a gwada haɗiyar tata. Ki tafi masa da katin ƙwayar nan kuma, ki faɗi kwana nawa aka yi ana ba ta. Mai shan maganin suga da ba ta cin abinci sosai, sugarta na iya faɗuwa ƙasa da 70 a na'urar awo, kuma idan an saba ganinta cikin barcin ƙwaya, babu wanda zai gane cewa suma ce take yi.

Game da takarda, kalmar nas ta zama ta kowa a unguwanninmu, alhali mai wannan suna a doka ita ce wadda ke da lasisin majalisar kula da aikin jinya da ungozoma ta Najeriya, kuma ana sabunta lasisin lokaci-lokaci. Jami'an lafiyar al'umma su ma suna da hukumarsu da ke yi musu rajista. Wadda ba ta da ko ɗaya mataimakiya ce: tana iya wanka, da ciyarwa, da juyawa, da miƙa maganin da likita ya rubuta, amma allura, da ƙarin ruwa, da sa robar fitsari, da wanke miki ba hurumin ta ba ne.

Wani ɗan'uwa

Ni dai 'yar'uwa, shawarata ki sallami matar nan yau. Mahaifinmu da irin wannan ɗan tabon ya fara, aka yi ta ce mana ba komai, sai ranar da wari ya cika ɗakin muka ɗaga zani muka ga rami da hannun jariri zai iya shiga. Wata huɗu muka yi muna jigilar asibiti. Wadda ta ce ita nas ce alhali ba haka ba ne, ta kuma ba mara lafiya ƙwaya a ɓoye, me ya rage da za a amince mata a kai?

Wani dattijo

Malam, Allah ya jiƙan mahaifinka idan ya rasu, ya ƙara masa lafiya idan yana raye, kuma maganarka tana da nauyi. Sai dai 'yata, kafin ki yanke hukunci ki tambayi kanki ko an taɓa zaunar da matar nan aka gaya mata aikinta dalla-dalla. Sau da yawa muna miƙa tsoho ga mace ɗaya, mu haɗa mata da wanki da girki da aiken yara, sannan mu yi mamakin yadda ba ta juya shi ba. Idan kika sallame ta kika ɗauko wata ta hanyar da kika ɗauko wannan, kin canza fuska ne kawai. Ko wa za ki ɗauka, ki san gidansu, ki karɓi kwafin katin shaidarta, a samu wanda zai tsaya mata a gaban mai unguwa, a rubuta aikinta da awoyinta da ranar hutunta da ranar biyanta. Maganar ƙwaya ita ce ba ta da sassauci: a faɗa mata a gaban shaida cewa idan ta sake, aikin ya ƙare. Idan kuma kamfani kika zaɓa, takardar rajistar kasuwanci ba ta nuna sun iya jinya; ki je hukumar PHIMA da ke sa ido a kan cibiyoyin lafiya masu zaman kansu a Kano ki bincika su, ki kuma tambaye su wace nas ce ke bibiyar ma'aikatansu, da wanda za su turo ranar da taku ba ta zo ba.

Wata 'yar'uwa mai aikin kula da tsofaffi a Ingila

Yaya, wannan shi ne aikina a nan. Hukumar CQC ce ke yi wa kamfanonin jinyar gida rajista, tana duba su, tana buga sakamakon kowa ya gani, kuma ba a tura mu gidan kowa sai an binciki ko mun taɓa aikata laifi. Amma abin da na ga ya fi kare tsoho a kullum shi ne rubutu, kuma wannan littafin makaranta guda ya ishe ki. A ajiye shi kusa da gadon Hajiya, a riƙa rubuta lokacin da aka juya ta da ɓangaren da aka kwantar da ita, abin da ta ci da yawansa, kofi nawa na ruwa ta sha, fitsari da bayan gida, awon suga da na jini, da kowane magani da sa'ar da aka ba ta. Ke kuma duk yamma ki karanta, sannan ki duba fatarta da idonki: ƙasan baya, ƙugu, diddige, gwiwar hannu da ƙeya. Ki ƙirga ƙwayoyin da suka rage ki gwada da abin da aka rubuta.

Wani lokaci ki dawo gida a lokacin da ba a zata ba, kuma ki riƙa keɓewa da Hajiya ki tambaye ta yadda ake yi mata, ko ana rufe ƙofa da jikinta lokacin wanka, ko ana yi mata tsawa. Katin bankinta da gwala-gwalanta su koma hannunki, wanda hakan kariya ce ga ita ma'aikaciyar ma daga zargi.

Wani mai aikin gashin ƙashi

Ƙari kaɗan a kan abin da Sista ta faɗa. Kada a taɓa ɗaga Hajiya ta hanyar jan hannun da ya shanye, domin kafaɗar tana iya gocewa ta bar mata ciwo mai daɗewa. Sunan aikinmu yana sa mutane su ɗauka zafi ne magani, su riƙa gasa ɓarin da ruwan zafi, alhali wurin ba ya jin zafi yadda ya kamata, sai dai a ga fata ta tashi. Idan hunturu ya shigo, kada a rufe ta a ɗaki da kaskon gawayi. Idan ta fara tsayuwa, a ɗauke tabarma mai naɗewa daga hanya, a bar fitila da dare.

Mai neman shawara

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya na kai Hajiya asibiti, likita ya tabbatar gyambon kwanciya ne amma bai yi zurfi ba, ya hana ƙwayar barcin, ya kuma rage mata maganin suga. Na zaunar da matar tare da yayana ta waya, ta faɗi gaskiya cewa a kemis ta yi aiki, sai jinyar kakarta da ta yi. Mun bar ta a matsayin mataimakiya na wata guda mu gani, mun ɗauke mata wanki da girki, wata nas da na ga lasisinta kuma za ta riƙa zuwa wanke mikin tana koya mata. Littafin yana gefen gado tun safe. Abin da ya rage mini shi ne dare, domin ni kaɗai ce, kuma idan na tashi duk awa biyu ban san yadda zan tsaya a gaban aji ba.

Ma'aikaciyar jinyar

Kada ki ɗauki daren ke kaɗai, 'yar'uwa, domin idan kika kwanta ciwo jinya ta zama biyu. Ku raba shi: ki juya ta ƙarfe goma kafin ki kwanta, wata 'yar'uwa ko 'yar da ta yi hankali ta karɓi sha biyu da biyu, ke ki karɓi huɗu da bayan asuba. Ki gaya wa yayyenki su haɗa kuɗin katifar iska mai injin hurawa, wadda take rage dannuwa ko da yake ba ta maye gurbin juyawa, kuma tana buƙatar wuta, saboda haka a tanadi batir ko sola. Idan janareta ne, ya zauna nesa da tagar ɗakinta. Idan kika ga zazzaɓi, ko mikin ya fara wari ko ruwa, ko numfashinta ya canza, ku tafi asibiti a daren, kada ku jira ranar zuwan nas.