Mutum-mutumi ko ma'auniya? Ku taya ni raɗa wa na'urar nan suna

Jama'a, ina rubuta wa ɗalibai bayani nan Abuja kan yadda ake shirya DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gadon halitta, kafin a karanta jerinsa, sai na yi karo da na'urar da Bature ke kira robot. Na fara rubuta mutum-mutumi, yadda muke ji a rediyo. Na dube shi, na goge.

Abin ba kai, ba ƙafa. Akwati ne a kan benci, da hannu guda da ke zirga-zirga a kan dogo. Ya sauko ya tsinci bakunan roba, ya zuƙi ruwa, ya ɗiga a faranti mai ramuka 96, layi 8 sau 12, ya yar da bakunan, ya ɗauki sababbi. Hamilton, Tecan, Beckman Coulter da Opentrons duk suna ƙera irinsa. Ɗalibin da ya karanta mutum-mutumi zai shiga ɗakin gwaji yana neman mai ido da baki.

Wani malamina ya ce: "Ɗana, ka ce na'urar sarrafa ruwa mana." Allah ya gafarta Malam, da na gwada wa ƙanwata sunan, cewa ta yi injin fiya-wata ne. Nan zancen ya mutu.

Sai na koma kan aikin. Ana datsa DNA gutsu-gutsu, a gyara bakin kowane gutsure, a liƙa masa mahaɗi, wato ɗan guntun DNA da na'urar karanta jeri ke kamawa, da lambar shaida don a iya cakuɗa samfurori da yawa a kuma gane na kowa daga baya. Tsakanin matakan akwai wanki: a zuba ƙwayoyi masu bin maganaɗisu, DNA ya manne musu, maganaɗisu ya ja su gefen rami, a zuƙe ruwan, a ɗauraye da itanol mai kashi 80 cikin 100. Duka da maikrolita ake awo, wato kashi ɗaya cikin miliyan na lita. Wanda ya taɓa yin wannan da hannu har rami na 70 ya san yadda babban yatsa ke sagewa, ka tsaya kana tambayar kanka ko ka zuba wa wancan ramin ko ka tsallake.

Ashe aikinta awo ne da rabo. Wata yaya tawa mai aikin gwaji ta ce: "Ƙanena, ai ma'auniya ce, irin ta kasuwar Wuse, mudunta ne kawai ƙarami." Wannan ya zauna min. Har tambayoyin mai saye ma sun fito daga sunan: mudunta na gaskiya ne in awo ya yi ƙanƙanta? Tana da gurbin maganaɗisu da wurin ɗumama faranti? Bakunan roba fa, dole sai na kamfaninta? Wannan ta ƙarshe ita ke cin kuɗi, don ba a maimaita baki tsakanin samfuri da samfuri.

Saura kalmar library, da Bature ke kiran abin da ake samu a ƙarshen wannan shiri. Laburare ko ɗakin karatu duk ɓata ne, ba littafi a ciki, tarin gutsattsarin da aka shirya ne. Na sa dami, kamar na gero, ko da yake wani ya kawo kundi.

Ita kuwa na'urar, yanzu dai na rubuta: ma'auniyar ruwa mai sarrafa kanta a ambaton farko, daga nan ma'auniya kawai. Mutanen cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, ku me kuke ce mata a benci?