Haihuwa a ƙasa da zama ɗan ƙasa: yadda aka kaya a zaure

Baban Hanifa: Salamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake. Duk 'ya'yana a Saudiyya aka haife su, Larabcinsu ya fi Hausarsu, amma kowace shekara sai na sabunta musu iƙama, wato takardar izinin zama, kamar jiya suka sauka. Ni kuma wuyana na hannun kafili, wato ubangidan da izinin zamana da aikina ke ƙarƙashin sunansa. Wallahi wannan bauta ce. Duk yaron da aka haifa a ƙasa ya kamata a ba shi zama ɗan ƙasar, magana ta ƙare.

Ustazu: Subhanallahi! Ka ji tsoron Allah ka janye kalmar bauta. Wa ya saye ka? Da ƙafarka ka hau jirgi, kuma albashi ake biyan ka.

Anti Bilki: Allah gafarta Malam, wanda ba ya iya barin aiki sai wani ya sa masa hannu, me za a kira shi?

Ustazu: Hajiya, labarinki ya tsufa. Tun watan Maris na 2021 aka sassauta, ma'aikaci yana iya canza wurin aiki ko kafili bai yarda ba, idan ya cika sharuɗɗa.

Anti Bilki: Ka ƙarasa mana. Sassaucin bai haɗa da 'yan aikin gida da direbobin gida ba, kuma su ne suka fi shan wuya. Ko su ba mutane ba ne?

Barista: Don Allah mu koma kan abin da ya faɗa. Ƙasashen da haihuwa kaɗai ke ba mutum zama ɗan ƙasa ba su da yawa, galibinsu a nahiyar Amurka suke. Amurka ta sa shi a tsarin mulkinta da gyara na 14 a 1868, Kanada ma haka take yi. Birtaniya ta daina tun 1 ga Janairun 1983, Ailan ta soke da ƙuri'ar raba-gardama a 2004. Saudiyya jinin uba take bi. Najeriya ma jini take bi, kuma sashe na 27 na tsarin mulkinta ya ce baƙo sai ya zauna shekara 15 kafin ya nemi zama ɗan ƙasa. Jamus kuwa ta rage nata daga shekara 8 zuwa 5 a 2024.

Ɗan Autan Zaure: Barista, ba lacca muka zo ji ba. Bauta ce ko ba bauta ba?

Barista: Ba tambayar shari'a ba ce wannan.

Ɗan Autan Zaure: Ya zille!

Kawu: Ku da kuke zagin ƙasar mutane, kun manta 1983? Gwamnatin Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu, 'yan Gana da jakunkunansu suka cika iyaka.

Maman Ilham: Kawu, a bar wanda ya riga mu gidan gaskiya ya huta. Su suka fara, a 1969 Busia, Firayim Ministan Gana, ya kori namu.

Kawu: 'Yar nan, ko an haife ki a lokacin?

Maman Ilham: Sai an haifi mutum yake sanin tarihi? Dama kun saba, in hujja ta ƙare sai a koma shekaru.

Anti Bilki: Ni dai a amsa min. Tun 2019 mai Riyal 800,000 yana sayen izinin zama na dindindin a Saudiyya, babu kafili a kansa. Ashe abin fansa yake karɓa.

Ustazu: Fansa kuma? Wato kin dawo da maganar ta bayan gida. Mun san masu ƙin ƙasar Haramaini, mun san inda suke karatu.

Anti Bilki: Fito fili ka faɗa, Malam.

Baban Hanifa: Jama'a, ni fa maganar yarana nake yi. Babbansu ya kusa fita daga iƙamata, ina zai nufa?

Admin: To, a taƙaice. 'Yan zaure sun yi ittifaƙi cewa kalmar bauta ba ta dace ba, kuma Ustazu ya kawo hujja mai ƙarfi cewa an gyara tsarin. Barista ya tabbatar ko'ina a duniya haka doka take. Wasu sun so shigo da wata manufa, Allah ya shirye su. Baban Hanifa, sai haƙuri. Na rufe wannan batu.

Anti Bilki: Su wa suka yi ittifaƙin, kai da malaminka?

*Admin ya mayar da zauren sai shugabanni kaɗai ke iya tura saƙo.*